Tsohon Bulo a Sabon Gini: Ziyarar Gidan Wasan Everyman na Liverpool

Idan ka ambaci Liverpool a majalisar matasa a Kano ko Maraɗi, ƙwallo za a fara kawo maka, da filin Anfield da Mohamed Salah. Dattijon da ya yi cinikin gyaɗa da fata kuwa zai tuna kamfanin John Holt, wanda tushensa a can yake, ko jiragen ruwan Elder Dempster da suka yi shekara da shekaru suna kai da komo tsakanin Liverpool da Ikko. Ni zumunci ne ya kai ni. Ɗan yayata yana karatun zanen gine-gine a jami'ar garin, kuma tun kafin in taso daga Landan ya shaida mini cewa akwai gini ɗaya da ba zan bar garin ban gani ba. Na zaci ɗaya daga cikin manyan majami'un garin biyu yake nufi, ko tsofaffin rumbunan bakin ruwa na Albert Dock. Ashe gidan wasan kwaikwayo ne mai kujeru 400.

Cikin hunturu na je, lokacin da rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma. Daga tashar jirgin ƙasa ta Lime Street muka hau tudu a ƙafa ta Mount Pleasant, iskar kogin Mersey tana dukan bayanmu, har muka fito bakin Hope Street. Titin ba shi da tsawo. A wannan kai akwai majami'ar Katolika mai siffar mazurari da aka buɗe a 1967, a wancan kai kuma ta Angilika, wadda aka fara ginawa a 1904 ba a gama ba sai 1978, kuma babu majami'ar da ta kai ta girma a Birtaniya. Tsakaninsu akwai zauren kaɗe-kaɗe na Philharmonic da gidajen abinci da tsofaffin gidajen attajirai. Everyman yana dab da ta Katolika, sunansa rubuce da jar fitila a goshin ginin.

Mutane ne suka fara kama idona. Gaban ginin, daga hawa na ɗaya zuwa sama, sahu uku ne na fallayen alminiyom, kowane falle ɗauke da hoton mutum a tsaye, daidai girmansa na zahiri. Su 105 ne. Mai ɗaukar hoto Dan Kenyon ne ya ɗauke su, bayan an yi shela a unguwannin garin cewa duk mai so ya zo, sannan aka huda siffarsu a jikin ƙarfen. Babu sarauniya a cikinsu, babu gwarzon ɗan ƙwallo, babu ko ɗaya daga cikin mawaƙan Beatles da garin yake tinƙaho da su. Akwai tsoho, akwai yaro, akwai mai ƙiba da siriri, kowa da kayan da ya saka ya fito daga gida ranar. Na daɗe a tsallaken titi ina bin su da ido ɗaya bayan ɗaya, sanyi yana cin yatsuna.

"Kawu, ka lura kowane falle yana kan sanda?" in ji yaron. "Juyawa suke yi. Ginin yamma yake kallo, to da rana ta karkato sai ma'aikatan ofis su juya su, su tare musu zafi."

Watau ado ne, kuma inuwa ce. Wannan ɗabi'a ta sa abu ɗaya ya yi aiki biyu ita na yi ta cin karo da ita a ko'ina cikin gidan.

Wurin yana da daɗaɗɗen tarihi. A 1837 aka gina ɗakin ibada a nan, daga baya ya koma zauren kiɗa da taro mai suna Hope Hall, ya zama silima a 1912. A farkon shekarun 1960 marubuta waƙoƙin garin irin su Roger McGough da Adrian Henri sun mai da shi matattara. A 1964 wasu samari uku, Martin Jenkins da Peter James da Terry Hands, suka buɗe gidan wasa a ciki, da ƙaramin jari da babban buri. Shekarun 1970 ne suka fito da sunansa. A kan wannan dandamali Julie Walters da Pete Postlethwaite da Bill Nighy da Jonathan Pryce da Antony Sher suka goge kafin duniya ta san su. Nan Willy Russell ya fito da wasansa kan Beatles a 1974, nan kuma aka fara nuna Shirley Valentine a 1986, labarin matar aure 'yar Liverpool da zaman kicin ya ishe ta har ta koma hira da bango. Abin da ya bambanta gidan a wancan zamani shi ne bakin da ake magana da shi. 'Yan wasa sun yi magana da karin harshen Liverpool, wanda masu ji da kansu a kudancin Ingila suke raina wa, kuma sun yi maganar ma'aikatan tashar ruwa, da yajin aiki, da kuɗin haya.

Ba za ka gane nauyin wannan ba sai ka san halin da garin ya shiga. Liverpool ta yi arzikinta da teku, kuma wani kaso mai yawa na arzikin da jinin Afirka aka tara shi: jiragenta sun kwashi bayi kusan miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙasashen Amurka, abin da majalisar birnin ta nemi gafara a kansa a 1999. Bayan bayi sai manja da auduga da gyaɗa. Da cinikin teku ya sauya hanya, garin ya durƙushe. Mutanen da suka haura 800,000 a 1931 sun koma ƙasa da 450,000 a 2001. A 1981 tarzoma ta ɓarke a unguwar Toxteth, kuma takardun gwamnati da aka saki a 2011 sun nuna ministan kuɗi na lokacin, Geoffrey Howe, ya kawo shawarar kada a zuba dukiya a garin, a bar shi ya ci gaba da raguwa a hankali. A irin wannan gari, gidan wasan da yake ɗaukar maganar talaka ya ɗora ta a dandamali ba wurin kashe dare kawai ba ne. Everyman ɗin kansa ya sha da ƙyar: a 1993 bashi ya rufe shi na ɗan lokaci, kuma daga baya aka haɗa shi da ɗan'uwansa Playhouse na dandalin Williamson ƙarƙashin hukuma ɗaya, don ɗaya ya riƙe ɗaya.

To wannan gida ne, da duk tarihin nan a jikinsa, aka rushe. A watan Yuli na 2011 aka rufe shi bayan an nuna Macbeth na Shakespeare, inda David Morrissey, wanda ya taso a ƙungiyar matasan gidan, ya fito a matsayin jarumin. Ginin ya tsufa, ya matse, bayan fage ba wurin sakewa, mai keken guragu kuma shan wahala yake kafin ya shiga. Amma mutanen gari suna son sa a hakan, kuma sun ji tsoron za a miƙo musu wani gilashi mai ƙyalli wanda ba su san shi ba, bai san su ba. Kamfanin masu zane na Haworth Tompkins da aka ba aikin ya ɗauki wannan tsoro da muhimmanci.

Maimakon a sa katafila ta niƙe komai, sai aka sauke bangon a tsanake, aka tsince bulo kusan 25,000, aka kankare musu tsohuwar ƙasa, aka ajiye. Da su aka sake gina bangon zauren kallo. Katakon tsohon rufi ma bai tafi bola ba, an sake ba shi aiki. Da muka shiga zauren kafin a fara wasa, na bar kujerata na je na dafa bangon. Bulon ba launi ɗaya ba ne. Wani ja ne jawur, wani ya yi duhu, wani da ɗigon tsohon farin fenti a gefensa, wani kusurwarsa ta ɓantare. Tafin hannunka yana jin kaushinsa. Wata dattijuwa da ke zaune kusa ta ga abin da nake yi, ta gyaɗa kai, ta ce mini tun tana budurwa take zuwa nan, kuma ranar da aka sake buɗewa a watan Maris na 2014 ta shigo da shirin jin haushi, sai ta tarar zauren ya san ta. Siffarsa ma ba a canza ba: dandamalin ya kutso tsakiyar jama'a, 'yan kallo sun kewaye shi ta gefe uku, har wanda ke sahun baya yana ganin gumin ɗan wasa, kuma kana kallon wasa kana kallon fuskokin waɗanda ke ɗaya gefen.

Sha'anin iska shi ne abin da ɗan yayata ya fi zumuɗin nuna mini, kuma na ga dalili. Zauren kallo akwati ne rufaffe: ba taga, don kada haske da ƙarar titi su shigo, ga ɗaruruwan mutane suna numfashi, ga fitilu masu zafi a sama. Abin da aka saba shi ne a dasa manyan injinan sanyaya ɗaki su yi ta shan wuta. A nan sai aka bi wata hanya. Iska tana shigowa ta bayan ginin, inda titi ya fi shiru, ta bi wasu faffaɗan hanyoyi na kankare a ƙarƙashin ƙasa, kankaren ya tsotse mata zafi a lokacin bazara, sannan ta ɓullo a hankali ta ƙarƙashin kujeru. Zafin jikin mutane da na fitilu ya ɗumama ta, ta yi sama da kanta, ta fice ta wasu manyan bututu huɗu na bulo da ke kan rufin. Yaron ya sa na sunkuya na kai hannu ƙarƙashin kujera, na ji ta tana fitowa, ba ƙara ba gurnani. Da muka fito ya ja ni baya kaɗan a titi ya nuna mini bututun huɗu a jere, masu kama da na jirgin ruwa. A ma'aunin BREEAM, wanda Birtaniya take auna kyautata wa muhalli a gine-gine da shi, gidan ya samu daraja mai girma. A shekarar da aka buɗe shi kuma ya ci kyautar Stirling, babbar kyautar zanen gini ta ƙasar, inda ya kayar da dogon benen Shard na Landan da wurin ninƙayar gasar Olamfik da Zaha Hadid ta zana.

Ina jin bayanin nan sai Samaru ta faɗo mini. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai gidan wasan da Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970, ɗakunan ƙasa zagayayyu kewaye da fili, magina Hausawa suka ɗora shi da tubali irin na gida. Tunanin ɗaya ne: a gina da abin da ke wurin, a bar kaurin bango da tafiyar iska su yi aikin da inji zai yi. Mun riga su da kusan shekara 40, sai dai mun bar abin a matsayin gwaji na jami'a, muka koma gina zaurukan taro na kwano da gilashi waɗanda in janareta ya tsaya ba mai iya zama a cikinsu minti goma. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na so.

Wasan da muka tarar shi ne na ƙarshen shekara, wanda suke kira panto. Al'ada ce ta Ingila a lokacin Kirsimeti: a ɗauko tatsuniyar da kowa ya sani, a cika ta da waƙa da barkwanci, yara su yi ta yi wa mugu ihu suna gargaɗin jarumi. Na Everyman ya yi suna saboda 'yan wasan su ne makaɗan. Wadda ta gama magana yanzu za ka ga ta ɗauki jita, sarkin da aka kora daga fage ya koma bayan ganguna. Ana tsakiyar haka suka fito da bindigogin ruwa suka bi layi suna fesa wa jama'a, yara suna tsalle, kakanni suna kare kai da takardar shiri. Ba zan ce komai ya kwanta mini ba. A al'adar wasan akwai namiji da ke shigar mata, akwai kuma zantuka masu harshen damo da ake jefa wa manya ta saman kan yara, kuma wanda ya taso da irin tarbiyyarmu zai ɗan sunkuyar da kai. Ƙasan ginin ma akwai mashaya, kamar yadda take tun zamanin tsohon gida. Amma na ga abin da ban cika gani ba a ƙasar nan ta Turawa, inda kowa ke tafiya shi kaɗai da waya a hannu: kaka da 'ya da jika a sahu ɗaya suna dariyar abu ɗaya. Kuma wannan wasa, da yake cika zaure makonni a jere, yana cikin abin da ke ɗaukar nauyin sauran shekara.

Sauran shekarar kuwa gauraye take. Akan yi Shakespeare, da shi ma aka buɗe sabon ginin, da wasan Twelfth Night ƙarƙashin Gemma Bodinetz, wadda ta jagoranci fasahar gidajen biyu daga 2003 zuwa 2020. Akan karɓi ƙungiyoyi masu yawo daga wasu garuruwa. Amma zuciyar aikin ita ce sababbin wasanni daga alƙalamin 'yan gari, irin su Lizzie Nunnery da Jonathan Harvey, kuma an ware ɗaki musamman a ginin don marubuta su zauna su yi aiki. Akan keɓe wasu ranaku da mai fassara da hannu don kurame, wasu da rubutu a allo, wasu da mai bayyana wa makafi abin da ke gudana ta na'urar kunne, wasu kuma a rage ƙara a bar fitila a kunne saboda yaran da hayaniya da duhu ke firgitawa. Na jinjina wa wannan ƙwarai. Ba wanda ya ce wa uwar irin wannan yaro ta zauna a gida.

Sai ƙungiyar matasa, Young Everyman Playhouse, ta 'yan shekara 14 zuwa 25. Abin da ya burge ni da ita shi ne ba fitowa fage kaɗai ake koyarwa ba. Akwai masu koyon rubutu, da masu koyon bada umarni, da masu koyon haɗa fitilu da sauti, da masu koyon tsara kasafi da tallata wasa. Yaron da ba zai taɓa zama tauraro ba yana iya fita da sana'ar da zai ci abinci da ita. Stephen Graham da Cathy Tyson, waɗanda yanzu ake gani a fina-finai, ta tsohuwar ƙungiyar matasan gidan suka bi.

Duk wannan kuɗi ne, kuma nan gizo ke saƙar. Ginin ya ci kimanin fam miliyan 28. Kusan miliyan 17 daga Hukumar Fasaha ta Ingila suka fito, daga kason da take samu na cacar ƙasa, abin da Musulmi ba zai ji ya wuce ba tare da ya ɗan yi jim ba. Wani kaso kuma daga asusun raya yankuna na Tarayyar Turai, ƙofar da ficewar Birtaniya ta rufe. Hukumar Fasahar ce kuma tun 2012 ta shar'anta wa duk wanda take ba tallafi na dindindin ya riƙa kawo lissafin wutar da ya sha da ruwa da sharar da ya zubar. A 2021 masu sana'ar suka fito da nasu kundin, Theatre Green Book, wanda matakinsa na farko ya nemi rabin kayan da aka haɗa fage da su ya zama an taɓa amfani da shi, kashi 65 cikin ɗari kuma ya sami wani aikin bayan an tashi wasa. Dalili a fili yake: an daɗe ana kashe katako da fenti da yadi a gina fada ko daji na makonni kaɗan, ranar rufewa a loda a motar shara.

Amma gini mai numfashi da kansa bai hana aljihu ƙonewa ba. A 2017 gidan ya farfaɗo da tsohon tsarinsa na ɗaukar 'yan wasa na dindindin, mutum 14 da za su yi wasanni daban-daban tare tsawon kaka guda, don 'yan kallo su saba da fuskokinsu. Masu sharhi sun yaba, an ci kyaututtuka. Bayan kaka biyu aka dakatar, saboda kuɗin shiga bai rufe na fita ba. A ganina wannan shi ne ɓangaren ɗorewa da ya fi wuya. Bulo in ka ajiye shi zai jira ka shekara ɗari. Ɗan wasa mai iyali ba zai iya jiran wata uku ba.

Washegari Juma'a ce, muka gangara Toxteth muka yi salla a masallacin Al-Rahma. Garin yana da tsohuwar alaƙa da Musulunci, don a nan Abdullah Quilliam ya buɗe masallacinsa a Brougham Terrace a 1889, kuma baƙaƙen fatar Liverpool suna cikin mafi daɗewa a Birtaniya, wasu jikokin ma'aikatan jiragen Afirka ta Yamma ne. Daga ƙofar Everyman zuwa unguwar nan tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba. Duk da haka, fuskokin da na gani a sahun salla da kan titin Lodge Lane, Yamalawa da Somaliyawa da 'yan Afirka ta Yamma, kaɗan ne irinsu a zauren daren jiya. Dare ɗaya ba ya zama hujja, kuma wasan Kirsimeti ba shi ne ma'aunin da ya dace ba. Amma abin da idona ya gani ke nan, kuma hotunan da ke gaban ginin sun fi kujerun cikinsa gauraya.

A wani shagon abinci na tambayi mai wurin, dattijo Bayamale, ko ya taɓa shiga. Ya ce yana wucewa ta gabansa a mota kullum, bai taɓa tunanin wurin irinsa ba ne, ga tikitin iyali gaba ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba. Sai 'yarsa da ke kan na'urar karɓar kuɗi ta sa baki, ta ce ita ta shiga, makarantarsu ta kai su, har an zagaya da su bayan fage an nuna musu inda ake sarrafa fitilu. Ta ce tana so ta nemi shiga sashen fasaha na ƙungiyar matasan in ta gama jarrabawa.

"Baba, ai ba rawa zan yi ba," ta ce masa. "Wayoyi ne da kwamfuta."

Uban ya ce sai ya je da kansa ya ga wurin da mutanen da ke cikinsa tukuna. Ɗan yayata ya shaida masa cewa da rana ƙofar a buɗe take, ana shiga a sha shayi a hawan ƙasa ba tare da tikiti ba, ya kuma rubuta masa sunan titin a bayan rasit.